Ƙafar Ƙarfen da Na Ƙera wa Baba

Duk wanda ya tambaye ku abin da ya zaunar da kakanku Malam Idi wuri ɗaya har ƙarshen rayuwarsa, na san amsar da kuke bayarwa: ciwon suga. Haka kuka taso kuka ji a gida, haka mutanen gari suke faɗa, ni ma ban taɓa gyara wa kowa ba. To rabin gaskiya ce. Ciwon ya ci masa ƙafa daga ƙauri zuwa ƙasa, wannan ba musu. Amma gwiwarsa ba ciwo ne ya ci ta ba. Yanzu da furfura ta gama da kaina, idona kuma ya daina jure hasken walda, gara in faɗa muku da kaina kafin ku ji a bakin wani, ko kuma in tafi da maganar a ciki.

A shekarar da nake ba ku labari na kusa hamsin, kuma in ana maganar walda a yankinmu, sunana ake fara kira. Rumfata tana bakin kasuwar Tsanyawa, daga ƙauyenmu tafiyar da ba ta kai a hau mota ba. Garmar shanu, amalanke, injin niƙa, injin ban-ruwa, duk abin da ya karye ni ake kawo wa. In inji yana aiki, daga nesa nake jin kukansa in ce boris ne ya cinye, ko bel ne ya saki, a buɗe kuma a tarar haka ne. Mutane suka yi ta cewa hannun Sule ba ya ƙarya, ni kuwa na yi ta ji har na yarda. Yabo ya fi zuma daɗi, kuma na sha har ya yi min yawa. Har ta kai in wani ya kawo shawara a kan aikina, kallon da nake masa kawai ya ishe shi ya haɗiye sauran maganar.

Sai kun fahimci yadda muke da Baba kafin ku gane sauran. Ni ne ɗan farinsa, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ku da kuke zama kusa da ni har ku fizge min waya daga hannu, dariya za ku yi. Tun ina ɗan yaye aka kai ni ɗakin kakata, a can na girma. Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka. Ba mu taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba, ban taɓa zama a tabarmarsa ba. In na gaishe shi, zai amsa yana kallon wani wuri. In yana da magana da ni, ƙanwata Hajara yake faɗa wa, ko da kuwa ina tsaye a gabansa. Sai ya ce, a gaya wa mai walda ƙofar rumbu ta ɓalle. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san haka, ni ma na sani. Amma duk yabon da na sha a kasuwa, na bakin mutum ɗaya nake kwaɗayi, kuma al'ada ta hana shi furtawa.

Da kaka ne kututturen dawa ya soke shi a tafin ƙafa. Bai ma ji ba, don ciwon suga ya riga ya kashe masa jin ƙafar, sai da Inna ta ga jini a takalminsa. Aka yi na gida, aka yi na kemis, miki ya zama gyambo, gyambo ya fara wari. Da muka kai shi asibiti a Kano, ba a ɓata lokaci ba aka yanke ƙafar hagun, kamar taƙi ɗaya ƙasa da gwiwa. Likitan da ya yi aikin saurayi ne, bai fi sa'ar babban ɗana ba. Ya tara mu ni da Hajara a bakin ɗakin marasa lafiya.

"Mun yi ƙoƙari mun ceto gwiwar," ya ce. "Ku riƙe ta da kyau. Tsoho in yana da gwiwarsa, zai yi tafiya da ƙafar roba har gona. In ya rasa ta, da wuya ya sake tashi."

Da mikin ya haɗe, aka tura mu wurin wani dattijo, Malam Isiyaku, mai haɗa ƙafar roba a bayan asibitin. Ina shiga ɗakin aikinsa na fara raina shi. Na ga zarto, na ga guduma, na ga noti da ƙusa irin waɗanda nake zubarwa a rumfata. A raina na ce ashe ma ɗan'uwana ne, farar riga kawai ya fi ni. Ya durƙusa gaban Baba, ya kwance bandeji, ya yi ta lallatsa dungulmin da yatsunsa yana tambaya. Ni kuwa na juya baya ina kallon bango, don ba zan iya tsayawa ina kallon tsiraicin ƙafar mahaifina ba. Da ya gama ya ce ba yanzu ba. Dungulmin yana da kumburi, sai an yi wata uku ko huɗu ana ɗaure shi ya saɓe, sannan a ɗauki siffarsa a zuba masa kwanon da zai zauna a ciki.

"Wata huɗu?" na ce. "Malam, ni ma fa mai walda ne. Wannan abin a kwana biyu zan haɗa shi."

Bai ji haushi ba. Murmushi ya yi.

"Ƙarfen ba shi ne wahala ba, maigida. Inda ƙarfe ya haɗu da nama, nan aikin yake. Nauyin mutum ba a ƙarshen ƙashin da aka yanke ake ɗora shi ba. Nan ƙasan ƙoƙon gwiwa ake ɗorawa, da gefe da gefe. Ƙarshen kuwa a bar shi yana lilo, kada ya taɓa komai."

Na ce masa to, amma maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Na ɗauka irin jan rai ne na ma'aikata, don a san su ma suna da ilimi.

Muka dawo gida. Bazara ta shigo, zafi ya tsananta, kowa ya shiga kai taki gona. Baba kuwa yana zaune a zaure da sandunan guragu a gefensa, amalanke tana wucewa yana bin ta da ido. Mutumin da tun yana yaro bai taɓa fashin shuka ba. Ya rame, ya rage magana. Wata rana da la'asar na shigo gaishe shi, na ji yana ce wa Hajara, wadda tun rasuwar mijinta ta dawo gida tana kula da su:

"Bana kam sai dai a ba ni labarin shuka."

Wannan maganar ce ta tayar da ni. Na daɗe ina gaya wa kaina tausayi ne ya sa na yi abin da na yi, kuma akwai tausayin. Amma in zan faɗi gaskiya, akwai wani abu a ƙarƙashinsa. Ina so a ce abin da asibitin birni ya ce sai wata huɗu, Sule ya gama shi a kwana biyu. Ina so Baba ya tsaya a kan aikin hannuna, ko bai ce komai ba.

Ga inda na fara ɓata. Ban taɓa haɗa ƙofa ban je na auna gurbinta da hannuna ba. Ko garma aka kawo min, sai na tambayi girman shanun. Amma ƙafar Baba, kunya ta hana ni in ce ya buɗe min in gani. Sai na yanko igiya na ba Hajara, na ce ta auno min tsawo da kauri. Ta shiga ta fito da igiya mai ƙulli uku, ta ce a kan bandeji ta auna. Da wannan igiyar na yi aiki. Na yanko bututun ƙarfe mara nauyi, na naɗe farantin ƙarfe na yi masa kwano mai zurfi, na shimfiɗa soson katifa a gindinsa don ya ji taushi. Na kai wa baduku ya lulluɓe cikin da fata, ya yi maɗauri biyu da za a ɗaure a cinya. Tafin kuwa tayar mota na yanka. Na goge, na shafa fenti baƙi. Wallahi aikin ya yi kyau, har yanzu ba zan ce bai yi ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ba ni kunya.

Na kawo na ajiye a bakin zaure na fita. Hajara ce ta ɗaura masa. Da ta kira ni na dawo, na tarar da shi a tsaye, hannu ɗaya a bango. Ya saki bangon. Ya taka ɗaya, ya taka biyu, ya kai bakin ƙofa ya leƙa waje. Inna tana daga cikin gida tana ta salati. Bai dube ni ba, amma na ga gemunsa yana rawa.

"A gaya wa mai walda," ya ce wa Hajara, "Allah ya yi albarka."

Ban taɓa jin daɗin magana kamar wannan ba. Ranar Juma'a da ƙafarsa ya tafi masallaci, da sanda ɗaya kawai. Bayan an sallame mutane suka kewaye shi, wannan ya ƙwanƙwasa ƙarfen, wancan ya ce a ɗaga wando ya gani. Wani abokin wasana ya ce saura in buɗe asibiti a rumfata, in riƙa yi wa mutane walda. Na yi dariya, amma a raina ban ga abin dariya ba, gani nake zan iya. Da ruwan shuka ya sauka, Baba ya riga kowa fita. Ana saran rami da sungumi, shi yana bi yana zuba iri yana binnewa da ƙafa. Da ƙafar ƙarfen yake take ƙasar, don ya ce ta fi danne rami. Gona guda ya bi a haka, rami bayan rami.

Abin da Malam Isiyaku ya faɗa shi ya faru, ni ne dai ban gani ba. Kumburin ya saɓe, dungulmin ya rage kauri, ya fara zurmawa cikin kwanon har ƙarshen ƙashin ya kai gindi. Soson ya lotse. Na fara jin wani ƙwas-ƙwas in yana tafiya, kunnena kuwa ba ya kuskuren ƙara. Na aika Hajara ta kawo min ƙafar. Na duba walda, lafiya. Na ɗaure noti, na ƙara huda a maɗaurin don ya matse sosai, na mayar. Ƙarfen na duba, ban duba mutumin ba. Inji in yana cin kansa yana kuka, yana zafi, ka ji ka tsayar da shi. Naman Baba ciwo ya kashe masa ji, ɗan abin da yake ji kuma ba ni zai gaya wa ba.

Bayan kamar mako biyu Hajara ta same ni a rumfa ranar kasuwa. Ba ta saba zuwa ba. Ta jira har mutane suka ragu, sannan ta matso.

"Yaya, akwai jini a soson nan. Wurin ya yi ja, har ya fara tsagewa. Mu mayar da shi wurin mutumin nan na Kano."

"Ke sabon takalmi bai taɓa cin ki ba?" na ce. "Fatar wurin kanta za ta yi, ta saba."

"Ka zo dai ka gani da idonka."

"In je in buɗe ƙafar Baba? Kina da hankali kuwa? Ki canja soso, ki shafa masa man zafi. Ke me kika sani a aikin ƙarfe?"

Na ɗaga mata murya a gaban maƙwabtan rumfata. Ta ja mayafinta ta tafi. Da yamma na shiga gida, Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Ita ma ba ta magana da ni kai tsaye. Ba ta ɗago ba, sai ta ce, kamar da rariyar take:

"Mai aiki dai yakan koma ya duba aikinsa."

Na gane sarai da ni take, na yi kamar ban ji ba. Daga baya Hajara ta gaya min Baba ya yi mata faɗa da ya ji ta je wurina. Ya ce kada wanda ya sake ce min komai, yaron ya yi ƙoƙari, duk gari ya yaba masa, ba za a kunyata shi ba. Kullum da safe shi da kansa yake cusa tsumma a kwanon, ya ɗaure, ya fita, ya bi ta hanyar da mutane za su gan shi. Shi yana kare sunana da namansa, ni ina rumfa ina karɓar gaisuwa.

Ana tsakiyar noman farko ya faɗi a gona, da hantsi. Maƙwabcin gonarmu ne ya ɗauko shi a amalanke, aka aiko min. Na tarar da shi kwance a zaure, jikinsa zafi rau, yana rawar sanyi. Tun daga bakin ƙofa warin ya tare ni. Na tsaya daga nesa kamar yadda na saba, ina tambayar me ya faru. Hajara ba ta amsa ba. Ta taso ta kamo hannun rigata, ita da ba ta taɓa yi min musu ba, ta ja ni har gabansa, ta yaye zanen.

"Duba," ta ce. "Yau kam sai ka duba."

Ranar na fara ganin dungulmin mahaifina. Ba zan kwatanta muku ba. Ƙarshen ya fashe, ƙashi yana leƙowa, baƙi ya hau har gefen gwiwa. Baba ya buɗe ido ya gan ni a durƙushe, sai ya miƙa hannu yana laluben zanen zai rufe. A wannan halin ma ni yake jin kunya.

Muka samo mota muka nufi Kano. Hajara ta sa ƙafar ƙarfen a buhu ta taho da ita, ta ce za su so su gani. Ban hana ta ba, ba ni da bakin hanawa. Kwana biyu suna ba shi magani ta jijiya ko baƙin zai tsaya, bai tsaya ba. Sauran kun sani. An yanke a cinya. An gwada masa doguwar ƙafar roba daga baya, mai gwiwar ƙarfe, amma ƙarfinsa ya riga ya ƙare, ko taku biyar bai iya yi da ita ba. Shekara huɗu ya yi a zaune kafin Allah ya karɓi abinsa. Bai sake taka gonarsa ba, kuma bai taɓa tayar da maganar ba, ko ta bakin Hajara. Duk wanda ya zo dubiya, cewa yake ciwon ne ya hau. Na nemi gafarar Hajara, ta yafe. Shi kuwa kullum ina cewa gobe zan durƙusa in faɗa, kullum kunya tana riƙe min harshe, har goben ta ƙare.

Amma abin da ya fi ci min rai ba yankan ba ne. Abin da ya faru kafin a shiga da shi ɗakin tiyata ne, kuma shi ne ban taɓa gaya wa ko mahaifiyarku ba.

Da safen ranar aikin likitan nan saurayi ya zo bakin gadon, tare da Malam Isiyaku. Ni da Hajara muna tsaye. Aka zazzage buhun. Malam Isiyaku ya ɗauki ƙafar ya jujjuya ta, ya bi layin waldar da babban yatsansa. Sannan ya dunƙule hannu ya zura cikin kwanon har ya taɓo gindi, ya ɗaga ya sake bugawa a hankali.

"Ka gani, likita. Turmi da taɓarya ke nan. Duk taku ɗaya, daka ɗaya."

Likitan ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce shi da hannunsa ya yi awa uku yana ceton gwiwar nan, ga shi wani ya zo ya rusa. Ya sunkuya kan Baba.

"Baba, wa ya haɗa maka wannan abin?"

Baba bai ko kalli inda nake ba. Muryarsa a shaƙe take, amma kowa ya ji.

"Ni na sa aka yi min, ɗana. Wani baƙo ne ya zo cin kasuwa. Ban san sunansa ba."

Tsohon da ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, ga shi a bakin wuƙa yana yi saboda ni. Hajara ta sunkuyar da kai. Malam Isiyaku ya ɗago ya dube ni. Ya tuna ni, na ga haka a idonsa, ya tuna wanda ya ce masa kwana biyu. Jira yake in yi magana. Likitan ya juyo gare ni.

"Kai ne babban ɗansa, ko? Kana gari aka ɗaura wa mahaifinka wannan, ba ka san wanda ya yi ba?"

Na buɗe baki. Kalma biyu ce kawai, ni ne. Na kalli majinyatan da suka zuba mana ido daga gadajensu, na kalli farar rigar yaron nan.

"Ban sani ba, likita," na ce.

Baba ya lumshe ido, ya sauke numfashi. Malam Isiyaku ya mayar da ƙafar cikin buhu ya ɗaure bakinsa. Sai likitan ya zaro takardar amincewa da yanke gwiwar, ya ce babban ɗa ne zai sa hannu. Ya miƙo min biro, na karɓa na sa.